Ranar da Baba Ya Shiga Paris da Gidansa

Sati biyar muka yi a cikin motar nan mu uku: ni, da maigidana, da mahaifinsa. Duk macen da ta san abin da ake nufi da suruki ta riga ta tausaya mini tun daga nan. Motar irin wadda Faransawa ke haya lokacin hutu ce, mai gado biyu da kicin da ɗan banɗaki a ciki. Su kamfinkar suke ce mata. Baba bai taɓa yarda da wannan sunan ba, shi "gida" yake kiran ta. "Ku kulle gida." "Gida na son mai." "Wa ya bar tagar gida a buɗe?"

Shawarar maigidana ce, kuma har gobe ina yi masa gori a kanta. Baba ya zo wurinmu a Lyon daga Damagaram don likita ya duba masa zuciya. Aka duba, aka ba shi magani, aka ce ya huta. Maigidana ya ce mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa gingimari ba zai huta a kan kujera a hawa na shida ba, sai dai a kan hanya. A nan ya yi gaskiya. Abin da bai faɗa ba shi ne, shi kansa in ya kama sitiyarin abin da ya fi ƙaramar motarmu, gumi yake yi har cikin takalmi. Ba mu ma fita Faransa ba ya kankare madubin gefe a wurin biyan kuɗin hanya. Baba ya dubi madubin, ya dubi ɗansa, ya ce, "Ba yarinyar nan makulli." Daga ranar na zama direba, har Andalus, har bakin teku a Portugal, har muka juyo.

Ni Bamaraɗiya ce, kuma a gidan da na tashi mace ba ta cin abinci a gaban surukinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. To ga ni da suruki a ɗakin da bai kai zauren gidanmu ba. Sai na ɗaura zani a tsakiyar mota, in an zuba abinci in koma bayansa in ci nawa a tsaye. Wurin tuƙi kuwa zani ba ya aiki, domin Baba ba zai zauna ko'ina ba sai kujerar gaba, kusa da direba. Maigidana, da digirinsa na dakta a injiniyanci, ya koma kujerar baya ya zama karen mota mai isar da saƙo.

"Ka gaya wa Baba ya ɗaura bel."

"Ka gaya mata shekara arba'in ban ɗaura ba, ga ni."

"Ka gaya wa Baba jandarman nan ba sa karɓar goro."

Sai in ji ƙarar bel ɗin ya shiga. Banɗakin motar kuwa tun ranar farko ya leƙa shi sau ɗaya ya ja ƙofa. Ya ce shi ba zai kama ruwa taku biyu daga tukunyar miya ba. Saboda haka babu wurin hutun matafiya tsakanin Lyon da Lisbon da ba mu san ƙofarsa ba.

Amma ba don ganin masallatan Andalus Baba ya yarda da tafiyar nan ba, mu ma mun sani. Yana da ƙane a wajen Paris, autan ɗakinsu, wanda maigidana ke kira Baffa. Sun fi shekara ashirin ba su ga juna ba. Jirgin Baba na komawa gida daga Paris zai tashi, ranar Lahadi, kuma likita ya riga ya ja maigidana gefe ya gaya masa cewa wannan zuciyar ba za ta sake ɗaukar doguwar tafiya irin wannan ba. In bai ga ƙanensa a wannan zuwan ba, to da wuya su sake haɗuwa. Ba wanda ya faɗi haka a fili, amma maganar tana cikin motar tare da mu.

Matsalar ita ce Baffa yana gudun mu. Kowace Juma'a Baba zai sa a kira masa shi a salula. Za su gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya, a tambayi sanyi, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu a yi musu addu'a. Da Baba ya ce, "To, muna nan tafe," sai Baffa ya ce, "Wallahi Yaya, ana yi wa gidan fenti." Sati na biyu fenti. Sati na uku ya ɗan je Beljiyam. Sati na huɗu ya dawo ya tarar masu fenti sun ɓata aiki, an sake daga farko. Baba zai miƙa wa ɗansa salula ya ce, "Allah ya sa a gama fenti lafiya."

Ni da maigidana mun san babu wani fenti. A falon Baba a Damagaram akwai hoton Baffa tsaye cikin kwat a gaban wani ƙaton gida mai ƙofar ƙarfe da furanni. Da wannan hoton duk unguwa ke kiran sa Alhajin Paris. Gidan kuwa gadi ya taɓa yi a can. Maigidana lokacin yana ɗalibi ya taɓa zuwa inda yake kwana da gaske, a Sevran, can bayan Paris: ɗaki ɗaya a ginin ma'aikata gwauraye, gado biyu, ɗaya nasa ɗaya na wani dattijo ɗan Mali. Baffa ya riƙe hannunsa ya roƙe shi don girman Allah kada ya gaya wa kowa. Ya cika alkawari, bai gaya wa kowa ba sai ni.

Wanda ba namu ba zai ce mene ne abin wahala a nan, su haɗu a wurin shan kofi mana. Ba haka ake yi ba. Mutum ba ya shiga garin da ɗan'uwansa yake ya sauka wani wuri. Wajibi ne ya kwana a gidansa, ya ci tuwonsa. Kuma ranar da Baba ya koma, kafin ya cire takalmi majalisar ƙofar gida za ta tambaye shi: Ina ka sauka? Gidan Alhaji hawa nawa ne? Baba kuwa ba ya ƙarya. Mutumin da jandarma ke tambaya nauyin kayan motarsa ya faɗi gaskiya, shi ya sa ya yi ritaya da gida ɗaya da keke. Baffa ya san yayansa sarai, shi ya sa fenti ya ƙi bushewa.

Ranar Laraba muka iso Lyon, don in yi wanki mu haɗa akwatunan Baba. Na yi zaton zan samu kwana biyu in miƙe ƙafa a gadona. Ashe labari ya zagaya unguwar Villeurbanne cewa wani dattijo zai koma gida da akwati biyu. Duk ɗalibin da ke da uwa a Nijar sai da ya hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, ya zo gaida Baba, kuma kowa da ɗan ƙunshinsa a bayansa. "Ɗan saƙo ne, Baba, ba shi da nauyi." Turare, takalmin yara, man zafi, tukunyar dafa shinkafa mai lantarki. Baba bai iya cewa a'a ba, ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki a gabansa, sai dai in shiga kicin in yi ta buga murfin tukunya. Da akwatuna suka cika muka loda sauran a banɗakin mota, tunda dai ba mai shigarsa.

Cikin masu kawo saƙon akwai wani magidanci ɗan Tawa da ke aiki a ɗakin bincike ɗaya da maigidana, mutumin kirki amma bakinsa ba shi da birki. Ana cikin shan shayi Baba ya ambaci ƙanensa, sai ya ce, "A'a, Alhaji? Ai kullum yana Château Rouge. Duk Asabar ɗin da na je Paris sayen kayan miya sai na gan shi." Maigidana ya miƙa ƙafa ƙarƙashin tebur don ya taka shi, ya taka ni. Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Mece ce Château Rouge?" Aka ce masa kasuwar baƙaƙen fata ce a cikin Paris. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki kofinsa.

Ranar Juma'a muka ɗauki hanyar Paris. Da muka tsaya sallah Baba ya sa aka kira Baffa. Wannan karon masu fenti sun gama, amma warin fentin ba zai yi wa mai ciwon zuciya kyau ba. Baba ya ce, "Allah ya saka da alheri da ka tuna da zuciyata." Da yamma muka sauka a wani fili da aka keɓe wa irin motocinmu, can bayan gari, ba nisa da Sevran. Ni da maigidana muka fita zubar da shara, muka yi faɗa a gaban kwandon da murya ƙasa-ƙasa. Na ce ya gaya wa mahaifinsa gaskiya kawai. Ya ce ya yi alkawari. Na ce alkawarin da zai sa tsoho ya hau jirgi bai ga ƙanensa ba, a jiƙa shi a sha. Ya ce ni ban san Damagarawa ba. Na ce sati biyar ina kulle da biyu a cikin akwati, na san su har na ƙoshi.

Da safiyar Asabar, ina goge gilashin gaba, Baba ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai nemi ɗansa ba. Ni ya yi wa magana kai tsaye, karo na farko.

"'Yata, kai ni kasuwar nan."

Na rasa inda zan sa idona, sai na ce wa gilashin, "To, Baba."

Maigidana ya yi ta bayani cewa ba a shiga wurin da mota, sai dai mu hau jirgin ƙasa mu canza zuwa metro, mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Baba ya ce likita ya hana shi hawan matakala. Da aka ce akwai taksi, ya ce shi ba zai bar gida a daji da saƙon mutane a ciki ba. A ganinsa abin ba wuya. Duk garin da ya taɓa shiga da gingimari, in yana neman mutum kasuwa yake zuwa, ya sauke gilashi ya yi sallama ya tambaya. Ya samu mutane da wannan hanyar a Agadas, ya samu a Kwatano, bai ga dalilin da Paris za ta fi ƙarfinsa ba.

Wanda bai taɓa shiga Château Rouge ranar Asabar da mota mai tsawon ɗaki biyu ba, ya gode wa Allah ya ci gaba da zamansa haka. Titunan ba su fi lungun unguwa faɗi ba. Motocin sauke kaya a hagu da dama, masu sayar da masara gasasshiya, mata da kekunan cefane, masu kitso suna kiran ciniki daga ƙofar shago. Na kutsa cikin wani titi, wata farar mota ta tsaya a gabana tana sauke buhunan shinkafa, taksi ya manne mini a baya. Ba gaba ba baya. Nan take aka fara oda, tun daga bayana har inda ido ba ya kai.

Baba kuwa ya sauke gilashi cikin natsuwa, ya fito da kansa da hularsa.

"Salamu alaikum! Akwai Bahaushe a nan?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma wallahi sai ga wani mahauci ya fito daga shago yana goge hannu a farar rigarsa, ɗan Chadi, da Hausarsa ta 'yan kasuwa. "Wa alaikumus salam, Alhaji! Daga ina?" Shi ke nan aka buɗe gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya aka baro mutanen Damagaram, yaya ruwa ya yi bana. Wani mai sayar da atamfa ɗan Garwa ya ji, shi ma ya taso aka sake daga farko. Direban taksin da ke bayana ya fito ya zo tagata yana zuba mini Faransanci irin wanda ba a koyarwa a makaranta. Ni ma shekara goma sha ɗaya na yi a ƙasar nan, ba a banza ba. Na manta da wanda ke gefena, na mayar masa da nasa har da ƙari.

Baba ya waiwaya baya ya ce wa ɗansa, "Mi ta ce masa?"

"Ta ce ya yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin nan da tsawo yake."

Ya juya zai ci gaba da magana da mahaucin. Na ji ya fara, "Wani ƙanena nake ne..." sai ya tsaya. Na bi inda yake kallo. Can gaba, ta gefen farar motar, wani dattijo ne ke tahowa yana tura ɗan keken dako mai ƙafa biyu, an jibga masa kwalayen doya har sun kai masa haɓa. Hular ulu a kansa, rigar sanyi da ta koɗe a kafaɗa, yana jan ƙafa ɗaya. Ban taɓa ganin Baffa ido da ido ba, amma goshin da hancin na Baba ne sak. Wani saurayin mai shago yana daga ƙofa yana yi masa tsawa ya yi sauri.

Abin da Baba ya yi ban taɓa zaton jikinsa zai iya ba. Ya kwance bel, ya zame daga kujera ya dunƙule a ƙasa, gwiwoyinsa a ƙirji, kansa ƙarƙashin wurin ajiye takardun mota. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, mai ciwon zuciya, da babbar riga. Hularsa ta faɗo kan birkin hannu. Baffa ya zo ya wuce ta gefenmu da kwalayensa, ya shiga wani shago.

Mahaucin ya leƙo ta taga ya ga Alhajin da yake gaisawa da shi ya koma ƙasa. "Lafiya, Alhaji? Wa ka ce kana nema?"

Daga can ƙasa Baba ya ce, "Na samu abin da nake nema. Ba ni naman rago kilo biyu."

Haka aka miƙo mana nama ta taga, farar motar ta matsa, na fitar da mu daga unguwar ban san ta ina na bi ba. Sai da muka hau babban titi Baba ya hau kujerarsa, ya karɓi hularsa ya kakkaɓe. Idona ya cika da hawaye har ina ganin fitilun hanya biyu-biyu. Tausayin Baffa nake ji, amma na Baba ya fi kama ni, domin na san shi ne ya goyi wannan ƙanen a bayansa lokacin da uwarsu ke zuwa rijiya.

"Kun sani," in ji Baba. Ba tambaya ba ce.

Maigidana ya fara, "Baba, ai shi ne ya roƙe ni..."

"Ban tambaye ka ba. Ka yi daidai."

Muka koma filinmu. Baba ya yi sallar azahar a kan tabarma a gefen mota, ya daɗe zaune. Sannan ya ce a kira masa ƙanensa. Wannan karon bai bari gaisuwa ta yi nisa ba, kuma da wata murya ya yi magana, irin wadda na tabbata da ita yake sa karen mota ya sauko daga saman kaya da gudu.

"Kai, Auta. Na yi ta tunani, na ga rashin kunyarka ta yi yawa. Tun yaushe babba ke tattaki ya je gaida ƙarami? Ni na zo Paris da gidana. Ga ni zaune a cikinsa. Kai za ka zo ka same ni, ka ci tuwona, ka kwana. Ba na son ganin gidanka, warin fenti ba ya yi mini. In la'asar ta wuce ban gan ka ba, kada ka ƙara ce mini Yaya."

Ya miƙa wa ɗansa salula ya ce ya kwatanta masa wurin. Daga nan kuma ya tayar mana da hankali. A share gida, a wanke gilasai, a ninke barguna. Ya sa maigidana ya goge tayoyi da tsumma, wai baƙo daga ƙasa yake fara kallon mota. Zanin da na ɗaura a tsakiya ya ce a cire, gida ya yi faɗi. Ni kuma na tsaya a kan murhu mai baki biyu ina tuƙa tuwon semo da miyar kuka da naman mahaucin nan, tururi ya cika motar har ƙararrawar hayaƙi ta kama kuka. Baba ya cire hula ya rufe ta da ita.

Ana kiran la'asar a salular maigidana sai ga Baffa ya shigo filin a ƙafa. Shadda ruwan ƙasa ce a jikinsa, mai kyau, amma duk layin ninkin akwati yana nan a kanta. Ya sha turare, ya kafa hula, yana riƙe da ledar lemo. Yana ƙoƙarin ɓoye jan ƙafar. Baba yana zaune a ƙofar mota a kan kujerar roba kamar mai jiran masu kawo ƙara. Baffa ya zo ya durƙusa a kan tsakuwa, ya kama hannun yayansa da hannu biyu. Suka fara gaisuwa, amma ba ta yi nisa ba muryar Baffa ta karye. Baba ya riƙe hannun ya daɗe yana murza shi.

"Ka tsufa, Auta."

"Kai ma, Yaya."

"Ni da dalili, na girme ka. Tashi in nuna maka gida."

Ya zagaya da shi kamar mai nuna bene. Ga ɗakin kwana, ga kicin, ga firiji. Ga banɗaki, amma ba ya ba shi shawara. Da ya buɗe ƙofar tukunyar dafa shinkafar mutane ta faɗo wa Baffa a ƙafa, suka yi dariya har Baba ya dafa bango. Ya ce, "Ka gani, duk gidan taku huɗu ne. Kuma tun da na bar gingimari ban yi barci mai daɗi irin na nan ba. Mutum ɗaya me zai yi da ɗakuna?" Baffa ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Suka ci tuwo a kwano ɗaya. Da zani ya tafi ba ni da wurin ɓuya, sai na ɗauki nawa na zauna a kujerar direba na ba su baya. Bayan sallar magariba Baba ya sanar da mu cewa gidansa gado biyu gare shi, kuma yana da baƙo. Maigidana ya ce, "To mu fa, Baba?" Ya ce, "Garin nan babu otal ne?" Haka aka kore mu da jaka ɗaya. Ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba. Na yi wanka a banɗakin da zan iya miƙa hannu biyu a ciki.

Da safe muka dawo muka same su a kan tabarma a waje suna shan shayi, Baffa sanye da jallabiyar Baba. Gardama suke yi a kan wanda ya bar akuyar uwarsu ta shiga gonar liman shekara sittin da suka wuce. Kowa ya rantse ɗayan ne. Ina cikin mota ina ƙoƙarin cusa saƙon mutane a akwatuna, taga a buɗe, na ji gardamar ta lafa. Sai Baffa ya yi gyaran murya.

"Yaya, maganar gidan nan nawa. Akwai abin da ya kamata in..."

"Zuba mini shayi."

"Yaya, ka bari in faɗa."

"Na ce zuba mini shayi. In na koma aka tambaye ni, zan ce na ga ƙanena a Paris cikin shadda. Zan ce mun ci tuwo a kwano ɗaya, mun kwana ɗaki ɗaya. In suka ce yaya gidansa, in ce ban je ba, shi ya zo wurina, don ni ne babba. A ciki wanne ne ƙarya?"

Na ji ƙarar shayi yana zuba a kofi. Ya daɗe yana zuba.

A filin jirgi aka yi dambe da akwatuna. Tukunyar shinkafa dai ba ta samu tafiya ba, tana kicin ɗina har yau, mai ita ya ce in riƙe. Baba ya yi sallama da ɗansa, ya yi masa nasiha a kan tuƙi. Ya juyo wurina, na durƙusa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Da a zamanina ne da na ba ki Agadas ki kai kaya." Sannan ya kama ƙanensa suka matsa gefe. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Baffa ya tsaya a wurin yana kallon ƙofar da Baba ya shiga, har bayan an daina ganin hularsa.

Sai washegari za mu mayar da motar Lyon. Da muka fito daga filin jirgi, maigidana ya ce wa Baffa mu sauke shi a tashar jirgin ƙasa, don ya san ba zai so mu kai shi gida ba. Baffa ya hau kujerar gaba inda Baba ke zama, ya ɗaura bel ba tare da an aika masa saƙo ba. Da muka kusa tashar na kunna sigina zan shiga, sai ya ce, "Wuce, 'yata."

Na wuce. Can ya ce, "Jiya kun sha wuya a Château Rouge."

Sitiyari ya kusa kuɓuce mini. Maigidana daga baya ya fara, "Baffa, mu ai..."

"Kai, rufa mini baki. Mota kamar masallaci ta toshe titi, ana oda har bakin metro, matarka tana zagin mai taksi, wa bai gan ku ba? Na ga motar tun daga nesa. Na ga hularsa a taga." Ya goge fuska da hannun riga. "Na ga lokacin da ya sunkuya. Tun muna yara ban taɓa ganin Yaya ya sunkuya don wani ba. Na so in ajiye kwalayen in zo, ƙafata ta ƙi. Sai na wuce kamar ban gani ba, tunda haka yake so."

Ni dai ina tuƙi ina share hanci da bakin mayafi.

"Juya dama a nan," in ji Baffa. "Ga ginin can, mai launin toka. Hawa na uku, tagar da aka shanya tawul. Ku hau ku sha shayi. Kujera ɗaya ce, sai dai mijinki ya tsaya."

Na rage gudu, na fara neman wurin da motar za ta shiga.